Dutse Mai Ba da Canji

Mai wanki ba ta bukatar ɗakin gwaji kafin ta san halin ruwan rijiya. Ta zuba a baho, ta goga sabulu a wuyan riga sau biyu, magana ta ƙare. In ruwan daɗi ne, kumfa za ta taso har gwiwar hannu. In kuwa na zartsi ne, sabulu zai yi ta zaizayewa kumfa ba ta zuwa, sai wani farin kitse-kitse da ke yawo a saman ruwa, ya manne a gefen baho ya bar zobe mai danƙo wanda sai da soso yake fita. Farar shadda ta bushe da duhu-duhu, tawul ya yi ƙarfi, gashin yara ya ƙi tajuwa. Mai shayi ma ya san wannan ruwa. Leƙa cikin tukunyar da ya daɗe yana tafasa ruwa a ciki, za ka ga farin ɓawo ya lulluɓe gindinta. Ka ƙwanƙwasa da cokali ya ɓamɓaro, ka murza tsakanin yatsu ya zama gari. Matsa masa lemun tsami kaɗan, nan take zai fara tsuwa yana fitar da 'yan ƙananan kumfa. Alli ne zalla, kuma daga cikin ruwan da aka zuba garau ya fito.

Ruwan sama yana sauka ba shi da ma'adinin a zo a gani. A hanya yakan kwashi iskar kabon, ya ƙara kwasar wata a cikin ƙasa inda saiwoyi ke numfashi, sai ya yi ɗan tsamin da harshe ba ya ji. In ya ratsa duwatsun nan masu tauri na ƙasar Zazzau da kudancin Kano, waɗanda masana ke kira giranait, ba ya samun abin kirki da zai narkar, galibi sai ya fito da sauƙinsa. In kuwa ya bi ta cikin alli, ko jifsam, ko dutsen da ake yin siminti da shi, sai ya yi ta lasar su a hankali yana kwasar sinadarai biyu, kalsiyam da magnesiyam. Su ne masu kama sabulu su mai da shi wancan kitse-kitsen, su ne kuma masu toshe bututu da kashe hitar ruwa. Shi ya sa duk inda ka ga masana'antar siminti, kamar Kalambaina a Sakkwato, ko Ashaka a Gombe, ko Malbaza a jihar Tawa ta Nijar, kada ka yi mamaki in wasu rijiyoyin yankin sun ƙi kumfa. Ba duka ba, don ruwan ƙasa hawa-hawa ne, amma rijiyar da ke sha daga cikin wannan dutse sai ta ɗauko halinsa. Birnin Landan ma haka yake fama, don ƙasar da ke kewaye da shi alli ce.

Ana auna wannan zartsi da miligiram na alli a kowace lita. A ma'aunin hukumar binciken ƙasa ta Amurka, ruwan da bai wuce 60 ba mai sauƙi ne, daga 61 zuwa 120 matsakaici, daga 121 zuwa 180 mai nauyi, abin da ya haura 180 kuwa mai nauyi ƙwarai. Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ta tsayar da iyakarta a kan 150.

Abin da ke fara zuwa ran mutum shi ne a tace. A samo durom, a shimfiɗa tsakuwa a ƙasa, a bi da yashi, a bi da gawayi, a zuba ruwa ta sama ya fito ta famfon ƙasa. Wannan dabara tana da amfaninta: yashi yana tare laka, gawayi yana rage wari da ɗanɗanon da bai yi ba. Haka alif da garin ƙwayar zogale, suna dunƙule laka ta kwanta a gindin randa. Amma galibi abin da ke yawo a cikin ruwa suke kamawa. Kalsiyam ba yawo yake yi ba, narkewa ya yi. Ka jiƙa gishiri a kofi ka tace da ƙyalle ninki goma, ka ɗanɗana, gishirin yana nan daram. Durom ɗin yashi da gawayi zai ba ka ruwa garai-garai wanda har yanzu yake cin sabulu. In ma aka yi rashin sa'a tsakuwar da aka zuba ta dutsen siminti ce ko ta marmara, to an je neman ƙiba an samo rama, don ƙara wa ruwan alli za ta yi. Da gangan ake sa irin wannan tsakuwa a matatun da ke gyara ruwa mai tsami.

Akwai dai duwatsun da ke iya raba ruwa da allinsa, amma ba tacewa suke yi ba. Sana'arsu sana'ar mai canji ce.

Kowa ya san shi a bakin tasha, zaune kan benci da jaka a cinya, ɗaurin ɗari biyar-biyar da ɗari biyu-biyu kowanne da robarsa. Kwandasta ya iso da gudu, gumi na zuba: "Baba, taimake ni da canjin dubu, fasinja na jira." Baba ya karɓi takardar dubu, ya lashi yatsa, ya zaro ɗari biyar guda biyu ya miƙa. Kuɗin da ke hannun kwandasta bai ragu ba, bai ƙaru ba. Abin da ya sake shi ne irin takardun. Ɗazu dubun nan ta tsaya masa a wuya, yanzu mota ta tashi.

A cikin ruwa, kowace ƙwayar kalsiyam tana ɗauke da cajin lantarki biyu, haka magnesiyam. Su ne takardun dubu. Sodiyam, wanda shi ne rabin gishirin miya, cajinsa ɗaya ne, shi ne ɗari biyar. Sodiyam ba ya faɗa da sabulu, ba ya yin ɓawo a tukunya. In ruwa ya ratsa ta cikin dutsen da jakarsa ke cike da sodiyam, dutsen zai riƙe kalsiyam ɗaya ya saki sodiyam biyu. Ruwan da ya fito ta ƙasa ba wai ya rabu da ma'adinai ba ne, har ma nauyin abin da ke narke a cikinsa ya ɗan ƙaru. An dai yi masa canji ne, an karɓi abin da ke hana kumfa an ba shi wanda bai hana ba.

Mafi shahara a cikin waɗannan duwatsu shi ne ziyolait. Yawancinsa daga tokar dutse mai aman wuta ya samu, wadda ta faɗa cikin tafkuna masu gishiri da kanwa ta kwanta shekaru aru-aru har ta rikiɗa. A ido ba wani abin kallo ba ne, dutse ne mara nauyi, fari-fari ko kore-kore, mai saurin dakuwa. Sirrinsa yana cikin gininsa. An gina shi da silikon da alminiyam da oksijin, a jere cikin tsari mai ramuka da lunguna waɗanda faɗinsu bai kai nanomita ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Duk inda alminiyam ya zauna a gurbin silikon, sai ginin ya kasance da giɓin caji ɗaya, kuma dole wani abu ya zauna a lungun ya cike giɓin. Wannan mai cike giɓi ba a ɗaure yake ba. Yana iya fita, muddin wani ya shigo ya biya adadin cajin da ya bari. Jakar mai canjin ke nan, kuma yawan alminiyam ɗin dutse shi ne girman jarinsa.

Wani masanin ma'adinai ɗan ƙasar Suwidin, Axel Cronstedt, shi ya fara bayyana ziyolait a 1756, bayan ya lura cewa in aka ƙona shi yakan fitar da tururi. Amma gano maganar canjin daga gona ta fito. A Ingila, wani mai gonaki a Yokshaya, H. S. Thompson, yana son sanin dalilin da taki ba ya wankewa duka in ruwa ya sauka. Aka zuba ruwan takin amoniyam a kan ƙasar gona da aka cusa a bututu, abin da ya fito ta ƙasa sai ga shi ba amoniyam ba ne, kalsiyam ne. Shi da J. Thomas Way, masanin haɗa sinadarai na ƙungiyar noma ta Ingila, kowannensu ya buga sakamakonsa a 1850. Way ya nuna cewa abin da ƙasa ta karɓa da abin da ta bayar daidai wa daida suke. A 1858 wani Bajamushe, Eichhorn, ya nuna cewa ziyolait ma yana yin haka, kuma cinikin yana juyawa: abin da dutse ya karɓa yau ana iya karɓe shi gobe. Wannan juyawar ce ta sa abin ya zama sana'a. Ashe duk manomin da ya zuba taki a ƙasa mai laka ya ga ya daɗe, ya zuba a jigawa ya ga ya wanke, ya riga ya ga wannan canji da idonsa.

A 1905 Robert Gans ya narka farar laka da yashi da soda a Jamus ya haɗa nasa dutsen, aka sayar da shi da sunan Permutit don gyaran ruwan masana'antu. A Amurka kuma suka waiwayi abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu, wani koren yashi da ake haƙa a jihar Niu Jazi, wanda ya kwanta a gindin tsohon teku. Ba ziyolait ba ne na haƙiƙa, sunan ma'adininsa gulokonait, amma yana ba da canji, kuma yana da juriya. Daga shekarun 1920 zuwa na 1940 shi ne ya cika tankunan gidajen wanki da na tukwanen tururi. Matsalarsa ɗaya, ƙaramin jari. Ana cikin haka, a 1935 wasu masana biyu, Adams da Holmes, suka haɗa 'yan ƙwayoyin roba masu ba da canji a Ingila, a shekarun 1940 aka ƙara inganta su a Amurka, kuma da yake jakarsu ta ninka ta koren yashi sau da yawa, sai kasuwa ta koma hannunsu. Yau in ka buɗe na'urar kashe zartsi ta otal ko ta masana'antar ruwan leda, abin da za ka gani galibi ƙwayoyin roba ne masu launin zuma. Koren yashi bai mutu ba, ya dai sake layi: ana shafe shi da manganis a yi amfani da shi wajen cire ƙarfe daga ruwan burtsatse, irin ruwan nan da ke fitowa garau ya koma ja in ya kwana a bokiti.

Wannan tarihi yana da muhimmanci, don a 'yan shekarun nan ana ta tallar ziyolait na haƙa kamar wani sabon abu da aka ɓoye wa mutane. Ba ɓoye shi aka yi ba, gwada shi aka yi aka ga iyakarsa.

Wanda ya fi yawa a kasuwa shi ne kilinoptilolait, ana haƙa shi a Turkiyya da Silobakiya da Sin da Kuba da yammacin Amurka. Mai canji ne na gaske, amma mai zaɓen abokin ciniki. Wani masani a Amurka, L. L. Ames, ya jera abin da wannan dutse ya fi so a 1960. A sahun gaba akwai siziyam, da potasiyam, da amoniyam. Kalsiyam yana can baya, magnesiyam kuwa yana kusa da ƙarshen layi. Dalilin yana da ban sha'awa. Ƙwayar magnesiyam ƙarama ce, amma ba ta tafiya ita kaɗai: tana riƙe da ƙwayoyin ruwa da suka kewaye ta ƙam, ba ta yarda ta sake su. Rumfar mai canjin nan kuwa ƙofarta ƙarama ce. Mai dubu ya zo da 'yan rakiya sun cika hanya, kafin ya kutsa ya kai ga benci, wani mai ɗari biyar da ya zo shi kaɗai ya riga ya shige ya zauna. Kalsiyam ma yana da 'yan rakiyarsa, sai dai ya fi saurin rabuwa da su, shi ya sa dutsen yake ɗan kama shi, musamman a ruwan da ba shi da gishiri da yawa kuma yake tafiya a hankali.

Saboda wannan zaɓe nasa, inda kilinoptilolait ya yi suna ba wajen wanki ba ne. A tashar nukiliya ta Selafil a Ingila, tun 1985 ake bi da gurɓataccen ruwa ta cikinsa don ya kama siziyam da sitirontiyam kafin a saki ruwan a teku. Bayan haɗarin Fukushima na Japan a 2011 an jefa buhunan ziyolait a bakin teku don wannan dalili. Masu kiwon kifi suna sa shi ya kwashe amoniyam daga ruwan tafki, masu kaji suna barbaɗa shi don rage warin kashi. A waɗannan wurare gwani ne. A wajen alli kuwa, ɗan tsaka-tsaki ne, kuma mai nawa.

Bari mu yi lissafi da jarka, tunda da ita muke sayen ruwa. A takarda, in kowane lungu na dutsen ya yi aiki, kilo ɗaya na kilinoptilolait zai iya karɓar kalsiyam ɗin da ya yi daidai da alli giram 110. Ɗauki rijiyar da ke da miligiram 300 a lita. Kilo ɗaya zai gyara lita 360 da 'yan kai, wato jarka mai lita 25 kusan guda 15. Wannan lissafin takarda ne. A zahiri dutsen da aka haƙo ba zalla ba ne, akwai laka da yashi a jikinsa, wasu lungunan kuma potasiyam ya riga ya zauna ya ƙi tashi, wasu ma kalsiyam ne a ciki tun daga rami, ga shi ruwa ba ya tsayawa jira. Abin da za a samu wani ɗan kaso ne na wancan adadi. Gidan da ke shan kurar ɗan ga-ruwa guda a rana zai ƙarar da jakar kilo ɗaya kafin a ce kwabo. To me za a ce da 'yar matatar nan da ake ɗaurawa a bakin famfo, wadda duwatsun cikinta ba su cika tafin hannu ba, aka rubuta a kwalinta cewa tana aiki wata shida? Ni dai ban ga ta inda lissafin zai fita ba.

Kuma jaka in ta ƙare, dutse ba ya faɗa. Baban tasha zai ɗaga hannu ya ce, "Yaro, canji ya ƙare, sai gobe." Dutse kuwa shiru zai yi, ruwa ya ci gaba da wucewa garau yadda ya shigo, da allinsa da komai. Hanyar ganewa mai sauƙi ita ce ta sabulu. A samu gorar roba biyu, a zuba ruwan da bai shiga matata ba a ɗaya, wanda ya fito a ɗaya, daidai wa daida. A ɗiga ruwan sabulun wanka, ba na garin wanki ba, ɗigo-ɗigo ana girgizawa, ana ƙirga ɗigo nawa kowanne ya ci kafin kumfa ta tsaya ba ta faɗa ba. Ranar da gororin biyu suka ci ɗigo daidai wa daida, jaka ta cika da dubu-dubu. Wannan gwaji ba na wasa ba ne, da irinsa masana suka yi ta auna ruwa tun ƙarni na 19.

Yadda ake sake cika jakar shi ne inda juyawar cinikin ke amfani. Ana jiƙa gishiri mai ƙarfi, kamar kilo ɗaya a lita goma, a bi da shi ta cikin dutsen a hankali. A ruwan rijiya, inda sodiyam kaɗan ne, dutse yakan riƙe kalsiyam. Amma in aka yi masa ambaliyar sodiyam, yawa ya rinjayi zaɓe, sai ya saki dubu-dubun ya cika jaka da ɗari biyar-biyar. Daga nan a ɗauraye da ruwa mai kyau har ɗanɗanon gishiri ya tafi. Haka ma ya kamata a yi wa sabon dutse kafin a fara aiki da shi, a jiƙa shi a ruwan gishiri ya kwana, don ba da cikakkiyar jaka yake zuwa daga rami ba. A nan ne kuma la'adar take fitowa. Wajen ba da canji dutse ba ya cire ko sisi, amma wajen cika jaka sai an zuba gishiri fiye da abin da lissafi ya nuna, sau da yawa ninki biyu ko uku. Rarar tana fita tare da kalsiyam ɗin da aka kora, ruwa ne mai ɗaci da gishiri wanda ba a zubawa kusa da rijiya ko gindin shuka. Ba ƙaramin abu ba ne: a kwarin Santa Kilarita na jihar Kalifoniya, a 2008 jama'a suka kaɗa ƙuri'ar cire na'urorin gida masu zubar da ruwan gishiri, saboda yana gangarawa kogin da manoma ke ban ruwa da shi.

Sai kuma a duba abin da aka karɓa a hannu. Duk miligiram 100 na alli da aka cire, ana zuba sodiyam miligiram 46 a madadinsa. Rijiyarmu mai 300 za ta ba da ruwa mai ƙarin sodiyam 138 a lita. Mai shan lita biyu a rana ya ƙara 276 ke nan, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba kada ya kai miligiram 2000 a rana. Ga mai lafiya ba abin tayar da hankali ba ne, miyarmu ta fi haka nesa ba kusa ba. Amma ga mai hawan jini ko ciwon ƙoda da likita ya hana gishiri, ko wajen dama madarar jariri, abin lura ne. A Ingila shawarar da ake bayarwa ita ce a bar famfo ɗaya na kicin da ruwansa na asali don sha da girki. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ma sa wa allin ruwa wata iyaka ta fuskar lafiya ba, don kalsiyam da magnesiyam abubuwa ne da jiki ke bukata. Ruwan da ke cin sabulu ba lallai ne yana cin mutum ba. Shuka ma ta fi son ruwan allin a kan na sodiyam, wanda ke sa ƙasa ta daskare ta daina shan ruwa.

Akwai kuma rijiyar da mai canji ba shi da abin yi mata. Wani zartsin ba na alli ba ne, na gishiri ne ko na kanwa, wanda harshe ke ji tun kurɓar farko. Wannan ruwa ɗari biyar-biyar ne ya yi masa yawa tun asali, ba canji yake nema ba, ragi yake nema, kuma ragin sai na'urar da ke matsa ruwa ta cikin fata mai tsananin ƙanƙantar ƙofofi, irin ta masu ruwan gora. Haka nan babu ɗaya daga cikin waɗannan duwatsu da ke kashe ƙwayar kwalara ko ta taifot. Matatar da aka bari a jiƙe ba a wankewa ma gidan ƙwayoyin cuta take zama.

Masu talla suna yawan cewa dutse ne na Allah, ba sinadari a ciki, saboda haka ba illa. A ƙauyukan Karain da Tuzkoy na yankin Kafadokiya a Turkiyya, mutane sun gina gidajensu da wani dutse mai laushi wanda ke ɗauke da wani irin ziyolait mai zare-zare, eriyonait. A shekarun 1970 likitoci suka gano cewa ƙurarsa ce ke haddasa musu sankarar fatar huhu da ta yi ta kashe mutane gida-gida. Kilinoptilolait ba shi da wannan zaren, kuma illar ta shaƙa ce ba ta sha ba, amma ramin haƙa ba ya rubuta wa kowa abin da ke cikinsa. Wanda zai saya ya nemi wanda aka tantance don ruwan sha, ya wanke shi sosai kafin amfani, kada kuma ya tsaya yana shaƙar ƙurar buhu.

Ga gidan da damuwarsa sabulu ce da tukunya, akwai hanyoyin da suka girmi duk wannan, kuma ba canji suke yi ba, kwantar da allin suke yi a kwashe. Tafasawa ita ce ta farko: zafi yana korar iskar kabon da ta riƙe allin a narke, sai ya faɗo. Ɓawon tukunyar mai shayi shaida ce cewa shayin da ya ba ka ya fi ruwan rijiyarsa sauƙi. Sai dai tafasa ba ta taɓa zartsin da ya fito daga jifsam, kuma itace da gas ba kyauta ba ne. A 1841 Thomas Clark, malamin jami'a a Abadin ta Sikotlan, ya yi rajistar wata dabara mai kama da almara: a ƙara wa ruwan alli ƙonannen dutsen siminti da aka jiƙa, irin farar ƙasar da ake shafe bango, daidai gwargwado, sai allin da ke ciki da wanda aka ƙara su faɗo tare. Har yau manyan gidajen ruwa suna yin haka. Aiki ne na ma'auni, ba na ƙiyasin ido ba.

Mu kuma muna da kanwa, daga ƙasar Manga da gefen tafkin Chadi da Dallol Boso. Babban abin da ke cikinta shi ne sodiyam kabonet, wato sodar wanki, kuma yana kwantar da kalsiyam ko daga wane dutse ya fito. A jiƙa 'yar kaɗan, a tsiyaye ruwanta a bahon wanki tun kafin a sa sabulu, a bari ruwan ya yi fari-fari ya lafa, za a ga bambancin kumfa. Na wanki ne kawai, ba na randa ba. Uwargidan da ke jefa kanwa a tukunyar wake ma da wannan abokin gaba take yaƙi. Kalsiyam yana ɗaure danƙon da ke haɗa ƙwayoyin wake, shi ya sa wake ke ƙin nuna a ruwan zartsi ko an ƙarar da itacen gida. Kanwa tana kwance wannan ɗauri, kuma wani ɓangare na aikin canji ne a cikin waken kansa, sodiyam ya shiga kalsiyam ya fita. Ruwan sama da aka tara daga rufin kwano mai tsabta kuwa ba ya bukatar ko ɗaya daga cikin wannan, in akwai wurin ajiya.

Wani mai canjin da ke matuƙar son kalsiyam ba a haƙa shi, dafa shi ake yi, amma daga ƙasa. Sunansa ziyolait A, kuma a jikinsa alminiyam da silikon kai ɗaya suke, saboda haka jakarsa ta ninka ta kilinoptilolait fiye da sau biyu. Tun shekarun 1970 kamfanonin sabulu a Turai, Henkel na Jamus a kan gaba, suka fara zuba shi a garin wanki a madadin fosfet da ke ɓata koguna, ya kama kalsiyam a cikin ruwan wankin kansa, a zubar da shi tare da dauɗa. Abin da ya sa ya shafe mu shi ne farar lakar nan, kawolin, ita ma alminiyam da silikon ɗinta kusan kai ɗaya suke. In aka gasa ta a zafin da ya haura digiri 600, aka dafa ta da sodar da ake yin sabulu da ita, sai ta rikiɗa ta zama ziyolait. Akwai wannan laka a Ƙanƙara ta jihar Katsina da Alƙaleri ta jihar Bauchi, kuma masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun daɗe suna haɗa ziyolait iri-iri daga ta Ƙanƙara, galibi da nufin aikin matatar mai. Abin da ke fitowa daga irin wannan dahuwa gari ne mai laushi, in aka cusa shi a tanki haka nan toshewa zai yi, ruwa ba zai ratsa ba. Kafin ya shiga matatar gida sai an dunƙula shi ƙwaya-ƙwaya yadda ba zai marmashe ba in an yi ta wanke shi da ruwan gishiri.